Makarantar Firamare a Obi: Rayuwar Gari da Ma'aunin Nasarar Ɗalibi

Ƙaramar Hukumar Obi tana kudu maso gabas da Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, a kan hanyar da ta nufi Awe da Keana, kuma ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa mazaunanta sun haura 148,000, adadin da ya ƙaru ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Ƙasa ce ta manoma masu doya da rogo da shinkafa da masara da riɗi da agushi, wadda ta tara al'ummomi masu harsuna da al'adu daban-daban, wato Alago, waɗanda sarkinsu na Obi ke riƙe da sarautar Osuko, da Migili da Eggon da Tibi da Gwandara da Hausawa da Fulani makiyaya. A garuruwa irin su Obi da Agwatashi da Daddare da Adudu da Duduguru, kowace al'umma tana da wurin ibadarta da bukukuwanta da dattawan da take saurara, kasuwa kuwa, ko da yake tana haɗa kowa da kowa, haɗuwa ce ta yini guda wadda ciniki ke jan ragamarta. Babu wata cibiya da ke ɗaukar 'ya'yan waɗannan al'ummomi duka ta zaunar da su a kan benci ɗaya, kwana biyar a mako har tsawon shekara shida, kamar makarantar firamare ta gwamnati, kuma tana yin haka ne a daidai shekarun da ɗabi'ar yaro ke kafuwa, yake kuma koyon wanda zai amince da shi da wanda zai ji tsoro.

Saboda wannan matsayi, tambayar abin da za a kira nasarar ɗalibi ta fi ƙarfin malamai da jami'an ilimi su kaɗai, domin amsar da gari ya ba ta ita ce ke tsara abin da iyaye za su nema, da abin da malami zai ba ƙarfi, da abin da ɗan siyasa zai yi alfahari da shi. Ra'ayin da wannan sharhi ya tsaya a kai shi ne cewa ma'aunin da aka saba da shi, mai duban yaro ɗaya ko biyu da suka yi zarra, ya yi kaɗan ƙwarai, kuma ma'aunin da ya dace shi ne yawan yaran da suka iya karatu da lissafi kafin su bar aji uku. Wannan adadi kuwa a cikin rayuwar yau da kullum ake gina shi ko a rushe shi, a gona da kasuwa da tsakar gida, tun kafin a zo ga allo da alli.

Abin da aka saba ɗauka a matsayin nasara sananne ne ga duk wanda ya taɓa ganin ranar ba da hutu. Yara kan fito daga aji riƙe da katin sakamako, wato takardar da ke ɗauke da makin kowane darasi da matsayin yaro a cikin 'yan ajinsu, kuma tambayar farko da ke jiransu a ƙofar gida ita ce "Na nawa ka zo?", wadda idan amsarta ta kasance na ɗaya ko na biyu sai a yi murna a sa albarka, wani lokaci har a ɗinka sabuwar riga, idan kuwa na talatin ne sai a yi ɗan faɗa a cusa katin ƙarƙashin katifa. Bayan wannan akwai gasar kacici-kacici da muhawara tsakanin makarantu, da guje-guje da tsalle-tsalle, da faretin Ranar Yara ta 27 ga Mayu inda makarantar da ta fi iya taka ƙafa ke tafiya da kofi, sannan akwai jarrabawar shiga makarantun sakandare na tarayya wadda hukumar NECO ke shiryawa, mai iya kai yarinya Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke Keana, maƙwabciyar Obi, ko ta kai yaro kwalejin tarayya ta Keffi. Duk waɗannan suna da daraja, kuma kuskure ne a raina su, domin yarinyar da ta tsaya gaban dattawa ta kare ra'ayinta a muhawara ta samu ƙarfin zuciyar da zai bi ta har girma, ƙannenta kuma sun ga abin koyi a cikin gidansu.

Sai dai matsayi a cikin aji kwatanci ne kawai tsakanin yara, wanda bai faɗi komai game da abin da suka iya ba, domin ko a ajin da babu mai iya karanta jimla guda dole ne a samu na ɗaya. Haka nan gasa kan zaɓi yara biyu ko uku, malami ya keɓe su makonni yana ba su horo, sauran kuma su zauna jiran a tashi, don haka kofin da ke kan teburin hedimasta yana iya zama shaidar ƙoƙarin mutum huɗu a makarantar da ke da ɗaruruwan yara. Binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2021 da tallafin UNICEF ya gano cewa kimanin kashi 27 cikin 100 ne kawai na yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14 ke da tushen karatu, wato iya karanta gajeren labari da amsa tambayoyi a kansa, masu tushen lissafi kuma kimanin kashi 25 ne. Wannan adadi na ƙasa baki ɗaya ne, kuma binciken ya nuna karkara ta fi birni koma baya, saboda haka babu hujjar da yankin manoma irin Obi zai ɗauka cewa shi ya tsira, har sai ya auna 'ya'yansa ya gani.

Yadda aka kai ga wannan hali yana da tarihi. Shirin ilimin firamare kyauta ga kowa da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a 1976 ya buɗe ƙofar makaranta ga miliyoyin yara a lokaci guda, aka yi gaggawar gina azuzuwa da horar da malamai, shi ne ma ya kai makaranta ƙauyuka da dama na tsohuwar Jihar Filato, wadda daga cikinta aka cire Nasarawa a 1996. Shirin ilimin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a watan Satumba na 1999, wanda ya zama doka a 2004, ya wajabta karatun shekara tara kyauta, ya kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, bisa sharaɗin cewa sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na gine-gine, sharaɗin da ya sa kuɗin jihohi da dama kan yi shekaru a ajiye, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Daga UBEC zuwa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, abin da rahoto ya fi ƙirgawa shi ne abin da ke da sauƙin ƙirgawa, wato azuzuwa da bencina da sunayen da ke cikin rajista, yara kuma suna wucewa aji na gaba kowace shekara ko sun iya ko ba su iya ba. A dalilin haka ake samun yaron aji huɗu mai kyakkyawan rubutu, wanda ke kwafe duk abin da ke kan allo harafi bayan harafi, yana kuma maimaita jimla da ƙarfi tare da 'yan ajinsu idan malami ya faɗa, amma idan aka nuna masa kalma guda daga tsakiyar jimlar aka ce ya karanta shi kaɗai sai ya sunkuyar da kai.

Abu na farko a rayuwar gari da ke taɓa karatun yaro shi ne kalandar noma, wadda ba ta jitu da kalandar makaranta ba. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, ya faɗo a kan kaka, lokacin tonon doya da yankan shinkafa da kakkaɓe riɗi, zango na uku kuma ya faɗo a kan shuka da noman farko, alhali a gidan ƙaramin manomi yaro ɗan shekara goma hannu ne da ake lissafi da shi, mai korar tsuntsaye daga shinkafa, mai kai abinci gona, mai renon ƙane idan uwa ta fita. Ranar kasuwa ma tana da nata kason, domin a ranar ne yarinya ke ɗaukar farantin talla, yaro kuma ya bi masu lodin doya don samun na kashewa. Mafi yawan iyayen da ke yin haka ba ƙin boko ne ya sa su ba, lissafin abin da za a ci ne, kuma shi ya sa tanadin dokar 2004, na jan kunne a karon farko da tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu ga uban da ya hana ɗansa zuwa makaranta, bai taɓa zama maganin matsalar ba. Amma lissafin yana da ɓangaren da ba a cika gani ba, domin yaron da ke rasa kwana ɗaya a kowane mako ya rasa kashi ɗaya cikin biyar na shekararsa, kuma idan hakan ta faru a aji ɗaya da aji biyu, lokacin da ake koyon haruffa da haɗa su, giɓin ba ya cikewa da kansa.

Abu na biyu shi ne ciki da lafiyar jiki. Yaron da ya yi shara ya ɗebo ruwa ya kuma taka tafiya mai nisa ba tare da karin kumallo ba, kafin lokacin tara hankalinsa ya bar aji, kuma makarantar da ba ta da rijiya ko ban-ɗaki tana korar yara mata manya ba tare da ta ce musu su tafi ba. Shirin ciyar da 'yan firamare na Gwamnatin Tarayya, wanda ya fara a 2016 da naira 70 a kan kowane yaro na aji ɗaya zuwa uku, ya nuna yadda kwanon abinci ke cika aji, ya kuma nuna rauninsa lokacin da biyan masu dafawa ya riƙa tsaiko har aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi a farkon 2024. A yankin Busia na ƙasar Kenya, binciken da masana tattalin arziki Michael Kremer da Edward Miguel suka yi ya nuna cewa ba yara maganin tsutsar ciki, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Darasin da ke ciki ga Obi, ƙasar da ke fitar da doya da shinkafa zuwa wasu jihohi shi ne cewa wani ɓangare na sakamakon jarrabawa a madafa da ɗakin shan magani ake rubuta shi.

Abu na uku, wanda ya fi sauran sarƙaƙiya a Obi, shi ne harshe. Manufar ilimi ta ƙasa tun daga 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawo a yankinsa a shekarun farko, kuma gwajin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa fahimtarsu ta ƙaru ba tare da Turancinsu ya lalace ba. Shirin Mu Karanta da aka gudanar a jihohin Bauchi da Sakkwato ya bi irin wannan hanya da Hausa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekara shida na firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da janye wannan manufa da komawa ga Turanci. Ko wace manufa ce ke aiki a Abuja, gaskiyar da ke cikin aji ba ta canza ba, wato yaro ba ya koyon karatu da harshen da bai taɓa ji ba sai an yi masa gada da wanda ya sani.

Wahalar ita ce aji ɗaya a wannan yanki yana iya ƙunsar harsuna huɗu ko biyar. Hausa ita ce harshen kasuwa da tasha, yara da yawa kuma suna zuwa makaranta da ita a bakinsu, amma uba Ba'alago ko Bamigili ko Batibi yana da haƙƙin ya damu idan ya ga harshen kakanninsa na ja da baya a bakin ɗansa, kuma duk mai ƙaunar Hausa da gaske ya kamata ya girmama wannan damuwa, domin harshen da aka ɗora wa mutane dole baƙin jini yake jawowa kansa. Haka nan burin iyaye na ganin 'ya'yansu sun iya Turanci buri ne na hankali, tunda da shi ake rubuta jarrabawa da neman aiki. Mafita mafi kusa ita ce a bar kowace makaranta, tare da iyayenta, ta tantance harshen da mafi yawan 'yan aji ɗaya ke ji, a tura mata malamin da ke jin wannan harshe, a yi amfani da shi wajen bayani da labari da haɗa baƙi da wasali, Turanci kuma yana shigowa a hankali. Harsunan Tibi da Eggon da Migili duk an riga an yi rubutu da su, musamman a fassarar littattafan addini, don haka aikin ba daga sifili zai fara ba.

Duk wannan ya rataya ne a wuyan malami, wanda shi ma ɗan gari ne mai iyali da gona da bashi. Ƙa'ida ta ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa ita ce NCE, irin wadda Kwalejin Ilimi ta Akwanga ke bayarwa, kuma malami ɗaya ya riƙe yara 35, amma sananne ne a faɗin ƙasar nan cewa malamai kan taru a makarantun cikin gari da na bakin titi, na ƙauyen da hanyarsa ke yankewa da damina kuma a bar su da mutum biyu ko uku su riƙe aji shida. Malaman firamare na Nasarawa sun ɗanɗani shekarun da ake biyan ma'aikatan ƙananan hukumomi albashi kaso-kaso, kuma mutumin da bai san nawa zai karɓa a ƙarshen wata ba dole hankalinsa ya rabu biyu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, zai zama alheri ga firamare ne kawai idan albashin malamai ya kasance abu na farko da ake cirewa. A ɗaya ɓangaren, jarrabawar da Jihar Kaduna ta yi wa malamanta a 2017, inda sama da 21,000 cikin kimanin 33,000 suka kasa kai makin da aka gindaya, ta tuna wa kowa cewa ɗaukar malami don sakayyar siyasa zalunci ne ga yaro. Adalci ya ƙunshi abu biyu tare, a biya malami cikakken haƙƙinsa a kan lokaci, a kuma tambaye shi yara nawa suka iya karatu a hannunsa.

Akwai kuma abin da yankin kudancin Nasarawa ya sani fiye da wurare da yawa, wato yadda rikici ke cinye karatu. Tashin hankalin ƙabilanci da ya taɓa garin Agyaragu a 2012 da garin Obi kansa a 2013, da faɗan manoma da makiyaya da ya tsananta a kan iyakar Nasarawa da Binuwai a 2018, sun raba dubban mutane da gidajensu, kuma wurin da 'yan gudun hijira suka fi fakewa shi ne makarantar firamare, inda aji kan koma ɗakin kwana, karatu ya tsaya ga 'yan gari da baƙi baki ɗaya. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, ta kuma karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, amma kariyar da ta fi ɗorewa ita ce wadda gari ke bayarwa idan kowace ƙabila tana da ɗa a cikin ginin. Wannan ne ya sa shigar da 'ya'yan makiyaya, ko a makarantar gari ko a makarantun da Hukumar Ilimin Makiyaya da aka kafa a 1989 ke kula da su, ya zama sha'anin zaman lafiya kamar yadda yake sha'anin ilimi. Yaran da suka raba fensir da gyaɗa a lokacin tara, suka buga ƙwallo a ƙungiya ɗaya, ba za su yi saurin gaskata cewa ɗayansu dodo ne ba, kuma wannan nasara ce da babu katin sakamakon da ke nuna ta.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne cewa al'ummar ta riga ta san yadda ake riƙe makaranta da yadda ake auna karatu na gaskiya. A makarantar allo ba a wanke wa yaro allonsa a rubuta masa na gaba sai ya biya karatunsa daidai a gaban malam, kowane yaro yana tafiya gwargwadon inda ya kai ba gwargwadon shekarunsa ba, iyaye na kai kuɗin Laraba ba tare da wata doka ta tilasta musu ba, ranar sauka kuma yaro ne ke karantawa da bakinsa jama'a na saurare. A majami'u ma ajin koyon addini yana da irin wannan tsari na tambaya da amsa kafin a tabbatar da yaro, mabiya kuma kan kawo amfanin gona lokacin godiyar kaka don gina abin da suke ɗauka nasu ne. Bambancin da ke tsakanin waɗannan da makarantar boko shi ne cewa ita ana kiranta ta gwamnati, don haka idan iska ta yaye kwanonta sai a jira ɗan kwangila. Don cike wannan giɓi ne aka kafa kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wanda ake kira SBMC, mai ƙunshe da hedimasta da wakilan malamai da na ɗalibai da na masarauta da na mata da na matasa da na addinai da tsofaffin ɗalibai da masu sana'ar hannu, wanda ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai domin shi na dukan gari ne, har da wanda ba shi da ɗa a makarantar.

Kafa kwamiti kaɗai ba ya koya wa yaro karatu, kuma ƙasar Indiya ta ba da shaida a kan haka. Ƙungiyar Pratham ta fara auna karatun yaran ƙauye gida-gida a 2005 da takarda guda mai matakai, daga harafi zuwa kalma zuwa sakin layi zuwa gajeren labari, kuma binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi a gundumar Jaunpur ya nuna cewa sanar da kwamitocin ƙauye halin da yara ke ciki bai canza komai ba, amma inda aka horar da matasan gari suka buɗe ajin karatu, yaran da suka halarta sun ci gaba ƙwarai. Daga nan ne hanyar koyarwa daidai da matakin yaro ta bunƙasa, wadda ke rarraba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya na sa'a ɗaya ko biyu a rana, kuma an gwada ta a Nijeriya, a Jihar Borno da wasu jihohin arewa. Abin da ya dace da makarantun Obi ke nan, kuma bai fi ƙarfinsu ba: a auna kowane yaro na aji biyu zuwa huɗu shi kaɗai a farkon zango da ƙarshensa, a ware sa'ar farko ta safe ga karatu bisa rukuni, a nemi masu NCE da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya da ke hutu su riƙe ajin yamma, a yi yarjejeniya da iyaye cewa 'yan aji ɗaya zuwa uku ba sa zuwa gona ko talla sai bayan an tashi, mai unguwa da limami da fasto kuma su bi sawun yaron da ya yi kwana uku ba a gan shi ba.

Za a iya cewa wannan ɗora wa talaka nauyin gwamnati ne, kuma ƙorafin yana da tushe, domin gina aji da ɗaukar malami da biyan albashi da samar da littafi wajibi ne na hukuma wanda kundin tsarin mulki da dokar 2004 suka ɗora mata, dokar ma ta haramta karɓar kuɗin makaranta, don haka bai halatta kwamiti ya zama hanyar tatsar iyaye ba. Amma al'ummar da ta san cewa yara kaza cikin kaza na aji uku ba su iya karatu ba tana da hujjar da za ta kai gaban sakataren ilimi da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, hujjar da ta fi roƙon fenti ƙarfi, kuma mai neman ƙuri'a zai ji nauyin tambayar da aka yi masa da lamba. Sa hannun gari yana ƙara wa hukuma nauyi ne, domin makarantar da babu mai leƙa ta ita ce ta fi sauƙin mantawa.

A watan Maris na 2023 kamfanin NNPC ya fara haƙar rijiyar neman mai ta Ebenyi a cikin Ƙaramar Hukumar Obi, ƙasar da aka daɗe da sanin tana da kwal a ƙarƙashinta, kuma jama'a suna da haƙƙin sa rai da abin da hakan zai kawo. Sai dai ko arziƙin ƙasa ya fito ko bai fito ba, aikin da zai zo da shi, da takardar diyyar gona, da yarjejeniyar da za a sa wa hannu da sunan al'umma, duk suna buƙatar mutanen da suka iya karatu da lissafi, kuma waɗanda za su riƙe waɗannan al'amura nan da shekara ashirin su ne ke zaune a aji ɗaya da aji biyu a yanzu. Koya wa yaro karatu aikin shekara uku ne, wanda bai kai wa'adin gwamna ɗaya ba, don haka babu shugaba ko hedimasta ko dattijon gari da zai ce lokaci bai ishe shi ba. Ya kamata kowace makaranta a Obi ta riƙa bayyana wa iyaye, a ƙarshen kowane zango, yawan 'yan aji uku da suka iya karanta labari da kansu, a yaba wa malamin da ya ɗaga wannan adadi kamar yadda ake yaba wa wanda ya ciyo kofi, a kuma tuhumi duk wanda ke da hannu idan adadin ya tsaya cik.